Wai rikicin hijabi ya ƙare tun hukuncin Kotun Ƙoli?

Baban Sadiq: Jama'a, ni dai a ganina kukan wariya kan hijabi a Najeriya ya zama tarihi. Ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta raba gardama, alƙalai 5 cikin 7 suka ce gwamnatin Legas ba ta da hurumin hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta. Mai kuka yanzu neman magana kawai yake.

Maman Hanifa: Baban Sadiq, kai hularka ba wanda ya taɓa cewa ka tuɓe kafin a yi maka intabiyu. Ƙanwata ta karanci aikin jinya, ta je neman aiki wani asibitin kuɗi. Takardunta lafiya lau, amma aka ce mata in an ɗauke ta, hijabin a bakin ƙofa zai tsaya. Da baki aka faɗa, ba a rubuce ba. To wa za ta kai ƙara, kuma da wace shaida?

Barista: Gaskiyar Hajiya ce. Hukuncin nan kan makarantun gwamnati ya yi magana, ya dogara da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini. Kuma ku dubi daɗewar da aka yi: babbar kotun Legas ta goyi bayan haramcin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2016, gwamnati ta ƙi haƙura har 2022. 'Yan matan da aka shigar da ƙarar dominsu sun gama sakandare tuni. Ko mu lauyoyi ba mu tsira ba. Firdausa Amasa, a Disamba 2017 aka hana ta shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, sai Yuli 2018 aka rantsar da ita.

Baban Sadiq: Ai ka ga an rantsar da ita ɗin. Gyara ake yi.

Maman Hanifa: Bayan ta yi asarar wata bakwai tana zaune, 'yan ajinsu suna aiki.

Anti Talatu: Ku yi mini uzuri, ni Kirista ce, Bahaushiya kuma. Ina tare da ku a kan hijabi, amma a riƙa faɗin ɗaya gefen. 'Yata a makarantar gwamnati take a nan Arewa, kayan makarantar da hijabi ne, dole ta sa. Sarƙar gicciyenta kuwa cikin riga take ɓoye ta, don wani malami ya ce ba ta cikin yunifom. In tilasta wa yarinya cirewa zalunci ne, tilasta mata sawa mene ne?

Malam Na'ibi: Anti Talatu, babu tilas a addini, wannan nassi ne. Malamin bai kyauta ba. Sai dai hijabi a wurinmu wajibi ne, gicciye kuwa na ɗauka ado ne.

Anti Talatu: Malam, ba kai za ka auna mini nauyinsa ba, kamar yadda ba ni zan auna maka hijabi ba.

Barista: Nan ne gizo ke saƙar. Kotu ba ta zama ta tantance wane addini ya fi wajabta alamarsa. Kun tuna lauya Malcolm Omirhobo? Kwanaki kaɗan bayan hukuncin ya shiga Kotun Ƙoli ba takalmi, da gashin tsuntsu a hular lauya, sarƙar wuri a wuya, ya ce shi ma addinin gargajiyarsa ke nan. Da gayya ya yi, amma tambayar tasa tana nan daram.

Baban Sadiq: To ai abin da nake gudu ke nan. In kowa ya zo da nasa, ina amfanin yunifom? Ku tuna Ilorin a 2021, gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 na mishan saboda wannan rigimar, ranar buɗewa har jifa aka yi.

Maman Hanifa: Makarantun da gwamnati ke biyan albashin malamansu da kuɗin kowa fa. Kuma Baban Sadiq, ɗazu ka ce magana ta ƙare, yanzu kai ne ke kawo mana labarin jifa.

Anti Talatu: Barista, ni dai amsa nake so. Sashen nan na 38 ya rufe 'yata ko bai rufe ta ba?

Barista: Ya rufe ta, Anti. Ki rubuta wa shugaban makarantar takarda, ki riƙe kwafi, ki nemi su ba ki amsa a rubuce.