Garwa zuwa Yawunde a jirgin sama, awa nawa ne?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan kai Inna ganin likita a Yawunde, ƙafarta ba za ta jure zaman mota ba. Ni kuwa ban taɓa hawa jirgin sama ba. Nisan nawa ne, kuma awa nawa ake yi?

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ta sama nisan bai kai kilomita 700 ba, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Ni da na saba bin mota zuwa Ngawundare, in kwana cikin jirgin ƙasa, ranar da na fara hawan jirgin sama ko lemon da aka miƙo min ban shanye ba muka fara sauka.

Hajiyar Marwa: Ɗana, kar ka ƙidaya na sama kaɗai. Filin jirgin Yawunde, wato Nsimalen, yana wajen gari, sai kun ƙara taksi. Kuma bara tun hantsi muke zaune, sai bayan la'asar muka tashi. Ka riƙe maganinta a jakar hannu, ka nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti.

Ɗan Garwa: Na gode Hajiya. Wallahi keken bai zo min a rai ba.