Horon ƙwaƙwalwa da na'ura zai iya maye gurbin maganin ADHD?

Ma'aikacin ɗakin EEG (awon lantarkin ƙwaƙwalwa): Ana ta cewa nurofidbak, wato horon ƙwaƙwalwa da na'ura, ya isa ya raba yaro mai ADHD, wato rawar kai da kasa tsayar da hankali, da shan magani. Ga yadda ake yinsa. A goge tsakar kai, a manna waya ɗaya can, biyu a kunnuwa. Na'ura tana auna igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa: teta, bugu 4 zuwa 8 a daƙiƙa, da beta, 13 zuwa 20. Teta ta sauka, beta ta hau, wasan allo ya ci gaba, in ba haka ba ya tsaya cak. Zama 30 zuwa 40, sau biyu ko uku a mako. Joel Lubar ya soma shi a Amurka tun 1976.

Likitar yara: Malam, daɗewa ba hujja ba ce. A 2016 mai bincike Cortese da abokan aikinsa sun haɗa gwaje-gwaje 13. Iyayen da suka san ana horon sun ga sauƙi, masu aunawar da aka ɓoye musu kuwa ba su ga wani bambancin kirki ba. Gwajin ICAN ya ɗauki yara 144 masu shekara 7 zuwa 10, wasu aka yi musu na gaske, wasu na bogi, duk suka sami sauƙi kusan daidai.

Masanin halayyar yara: Dakta, a wannan gwajin ai bayan wata 13 waɗanda aka yi wa na gaske sun fi ƙarancin buƙatar magani.

Likitar yara: Haka ne, amma ba shi ne babban abin da aka fita aunawa ba. Yaron da ya zauna sau 38, kamar yadda aka yi a gwajin, gaban babba yana yaba masa, dole a ga canji.

Ma'aikacin ɗakin EEG: Ni abin da ke damuna aikin ganganci ne. Yaro ya cije haƙora, tsokar muƙamuƙi ta fitar da sigina mai kama da beta, na'ura ta ba shi maki. Cizon haƙora ya koya ke nan. Ƙiftawar ido tana shiga kamar igiya mai jinkiri. Man gashi da kitso mai tsauri suna hana waya kama fata. In kuma na'ura ce ke sassauta ma'auni da kanta, yaro zai ci lada ko ƙwaƙwalwarsa ba ta sauya komai ba.

Likitar yara: Shi ya sa nake roƙon iyaye, kada a ajiye methylphenidate, wato maganin ADHD, ba da sanin likita ba. Mai son gwadawa ya sa malamin aji ya cike takardar auna hali kafin a fara da bayan zama 20, ba tare da an gaya masa ana horon ba.