Walter Carrington: jakada ne ko ɗan adawa?

Ɗan Fagge: Jama'a, ni har gobe ban gamsu da yabon da ake yi wa Walter Carrington ba. Shugaban Amurka Bill Clinton ya turo shi Najeriya jakada a 1993, ya zauna har 1997, amma kusan kullum yana tare da 'yan NADECO masu faɗa da gwamnatin Abacha. Jakada baƙo ne, ba shi da hurumin sa baki a rigimar masu gida. Ya wuce gona da iri.

Barista: Malam, ta fuskar doka kana da hujja. Sashe na 41 na yarjejeniyar Vienna ta 1961 ya hana jakadu tsoma baki a harkokin cikin gidan ƙasar da suke aiki. Carrington kuwa ba jahilin wannan ba ne, lauya ne da ya gama karatun shari'a a Harvard a 1955. Amma ka duba irin lauyan. Baƙar fata ne, yana da shekara 27 ya zama kwamishina a hukumar yaƙi da wariya ta jihar Massachusetts. Ya yi aiki da Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka, a Saliyo da Tunisiya da Senegal, daga baya Jimmy Carter ya mai da shi jakada a Senegal a 1980. Clinton ya san wanda ya aiko, ba mai yin shiru ba ne.

Hajiya Babba: Ɗana, ka tuna lokacin da ake magana. An soke zaɓen 12 ga Yuni, an tsare Abiola a 1994, an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba 1995, an harbe Kudirat Abiola a kan titin Legas a Yunin 1996. Mace ce fa, uwar 'ya'ya. Wa ke da bakin magana a lokacin ban da wanda ba a iya ɗaurewa?

Ɗan Fagge: Hajiya, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma in da gaske Amurka take, me ya hana ta daina sayen manmu? An hana sojoji biza, an hana sayar da makamai, man fetur kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Kuma galibin abokan tafiyarsa 'yan Legas ne.

Bakatsine: Nan ne ban yarda da kai ba, ɗan'uwa. Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan Legas ne? An kama shi a Maris 1995 tare da Obasanjo kan zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Abin ya shigo har cikin gidanmu. Obasanjo da bakinsa ya ce Carrington ya gargaɗe shi za a kama shi, har ya yi masa tayin mafaka, shi ne ya ƙi.

Barista: Maganar mai gaskiya ce, Malam, sai dai ba jakada ke yanke wannan ba, Washington ce. Abin da ke hannunsa ya yi, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: a Satumba 1997 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka tarwatsa liyafar ban kwana da aka shirya masa a Surulere, yana wurin.

Ɗan Fagge: To, Barista, gobe jakadan wata ƙasa ya zauna da 'yan adawar gwamnatin da kai ka zaɓa, za ka tafa masa?

Barista: In zaɓaɓɓiya ce, akwai kotu da majalisa da jarida, zan ce ya ja bakinsa ya yi shiru. A 1995 dokokin soja sun ɗaure wa kotuna hannu, majalisa an rushe ta, jaridu an kulle wasu. Bambancin ke nan a wurina.

Ɗan Fagge: Sashe na 41 da ka kawo bai ware soja da farar hula ba. Ina nan kan bakana.