Wai surutun jama'a yana iya hana fim cin Oscar?

Mai Son Kallo:
Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar nan ya fahimtar da ni. Fim ɗin Emilia Pérez ya shiga takarar Oscar a rukuni 13 a 2025, babu wani fim da ba na Turanci ba da ya taɓa samun haka, amma ranar rabon kyauta guda 2 kacal ya tashi da su. Ai ba jama'ar gari ke jefa ƙuri'a ba, 'yan Akademi ne, wato ƙungiyar da ke ba da kyautar, to ta yaya fushin da mutane suka yi da fim ɗin a intanet ya kai can? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Baban Ummi:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena su ma masu zaɓen ai mutane ne, wajen su dubu 10 ne, 'yan wasa da daraktoci da masu tace hoto, kuma duk suna riƙe da waya. Kai dai duba lokacin da abin ya faru, an fitar da sunayen 'yan takara 23 ga Janairu, ba a fi mako guda ba aka tono tsofaffin rubuce-rubucen jarumar fim ɗin Karla Sofía Gascón a Twitter inda ta ci zarafin Musulmi da George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, kuma duk wannan kafin a fara zaɓen ƙarshe ne. Da bayan an gama zaɓe aka tono ba abin da zai canza. Dama can 'yan Meziko suna ta ƙorafi cewa daraktan fim ɗin, Bafaranshe, ya ɗauki ciwon da ke damunsu na ɓacewar mutane ya mayar da shi waƙa da rawa, kuma a Faransa aka ɗauki yawancin fim ɗin.

Hajiya Babba:
Ni fa ban yarda surutu kaɗai ne ba. Green Book fa? Dangin Don Shirley, makaɗin da aka yi fim ɗin a kansa, da kansu sun fito sun ce ba haka rayuwarsa take ba, an yi ta caccakar fim ɗin, amma ya ci gwarzon fim a 2019.

Baban Ummi:
Hajiya gaskiyarki, amma akwai bambanci. Green Book masu sharhi ne suka rabu a kai, 'yan kallo kuwa suna sonsa, shi ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin Toronto na 2018. Sannan gwarzon fim ba fim ɗaya kake dangwala wa ba, jera su kake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, wanda ya fi ƙarancin ƙuri'a a cire shi a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu na waɗanda suka zaɓe shi, haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi. To fim ɗin da wasu ke mutuwar so wasu kuma suka tsane shi ina zai samu na biyu da na uku? Wanda kowa ya ce ba laifi shi ke tattara su.

Mai Son Kallo:
Yanzu na gane, na gode Baba. Ni dai na ji daɗi da Zoe Saldaña, wadda ita ma ta fito a Emilia Pérez, ta ci tata kyautar, ta yi aiki sosai kuma ba ita ta rubuta waɗancan maganganun ba.