Tiyata da mutum-mutumi: wa ke riƙe da wuƙar, likita ko na'ura?

Ɗan Dattijo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san aikin asibiti ko harkar ƙere-ƙere. Makonni uku da suka wuce aka tabbatar wa mahaifina, mai shekara 67, cewa yana da sankara a ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet. Allah ya sa an gano ta da wuri ba ta bazu ba, kuma likitan da ke duba shi ya ba da shawarar a cire ƙullin gaba ɗaya. Sai dai ya ajiye mana zaɓi biyu: ko a buɗe mara a yi aikin yadda aka saba, ko a yi shi da mutum-mutumi ta wasu ƙananan huji, wanda kuɗinsa ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Tun da Baba ya ji an ambaci mutum-mutumi hankalinsa ya tashi. Cewa ya yi ba zai kwanta ƙarfe ya yanka shi ba, alhali ƙarfe bai san zafi ba balle tausayi. Ni kuwa na rasa amsar da zan ba shi, domin ni kaina na karanta labarin wata na'ura da aka ce ta ɗinke hanji ba tare da hannun likita ba. Shin na'urar ce ke yanke shawarar inda za a yanka? Kuma bincike ya tabbatar da cewa ta fi hannun likita, ko kuwa zuzutawar masu sayar da ita ce kawai?

Likitan Fiɗa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ka fara kwantar masa da hankali a kan abu guda: babu na'urar da ke cire furostet ɗin mutum bisa ra'ayin kanta a kowane asibiti a yau. Sunan ne ya jawo ruɗani, domin da an ce mutum-mutumi sai a hango wani abu mai kai da ƙafafu tsaye a kan mara lafiya. Abin da ke ɗakin tiyata kuwa hannuwan ƙarfe ne, galibi huɗu, ɗaya riƙe da kyamara, sauran riƙe da almakashi da hantsaki da mariƙin allura. Likita yana zaune taku kaɗan daga gadon, ya kifa fuskarsa a kan wani madubi mai ido biyu, yatsunsa a cikin madannai. In ya motsa yatsa ƙarfen ya motsa, in ya tsaya ƙarfen ya tsaya. A na'urar da Vinci, wadda ta fi kowace yaɗuwa, ko kansa ya ɗaga daga madubin sai hannuwan su daina amsa umarni nan take.

Amfaninta ba ya fitowa sai an tuna abin da ta zo ta tarar. Tiyatar ƙananan huji ta riga ta zuwa, kuma ana yin ta ne da dogayen sanduna miƙaƙƙu da ba sa lanƙwasa, waɗanda motsinsu a juye yake: ka tura hannunka dama, bakin sandar a cikin ciki ya nufi hagu. Na'urar ta kawar da wannan juyin, ta ba bakin kayan aikin gaɓa mai juyawa kamar wuyan hannu, tana tace 'yar rawar da ba a raba hannun ɗan Adam da ita, tana kuma rage girman motsi, ta yadda in likita ya matsar da hannunsa santimita uku, bakin almakashin ya matsa ɗaya kacal. Hoton da yake gani yana da zurfi kamar ganin ido biyu, an kuma ƙara girmansa kusan ninki goma. A cikin ƙugun namiji, wanda rami ne matsattse, inda jijiyoyin riƙe fitsari da na ƙarfin mazakuta ke manne da ƙullin da za a cire, waɗannan abubuwa ba ƙananan taimako ba ne. Shi ya sa cire furostet yake cikin ayyukan da na'urar ta fi samun karɓuwa a kansu.

Amma tambayarka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan ɓoye maka gaskiya ba. A birnin Birisben na Ostareliya an raba maza sama da 300 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rabi aikin buɗe mara, rabi kuma da na'ura, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2016. Waɗanda aka yi wa da na'ura sun fi ƙarancin zubar jini, zafin kwanakin farko ya fi yi musu sauƙi, sun kuma riga barin asibiti. Sai dai bayan mako 12, da aka duba riƙe fitsari da ƙarfin mazakuta, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, haka nan da aka sake dubawa bayan shekara biyu. A gwajin ROLARR na 2017, kan sankarar ƙarshen babban hanji, an kwatanta na'urar da tiyatar ƙananan huji ta hannu a kan marasa lafiya 471, ba a kuma iya tabbatar da cewa ta rage yawan lokutan da dole a koma buɗe ciki ba. Akwai ma inda aka ja birki: gwajin LACC na 2018 ya nuna cewa matan da aka cire wa mahaifa saboda sankarar bakin mahaifa ta ƙananan huji, ciki har da kaɗan da aka yi wa da na'ura, cutar ta fi dawo musu fiye da waɗanda aka buɗe wa ciki. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan amfani da na'urar a wasu ayyukan sankara. Wannan bai shafi aikin Baba kai tsaye ba, na kawo shi ne don ka ga cewa kowane aiki da hukuncinsa.

Mai Nazarin Na'urori ya amsa:

Likita ya yi bayani mai gamsarwa, kuma game da furostet ban da abin ƙarawa. Ina so in taɓa labarin ɗinkin hanji da Malam ya karanta, domin gaskiya ne, ba ƙage ba, sai dai a kan aladu aka yi shi, ba mutane ba. Sunan na'urar STAR. A 2016 masu bincike a wani asibitin yara da ke Washinton suka nuna ta ɗinke hanjin alade a ƙarƙashin kulawar likitoci, a 2022 kuma ƙungiyar Axel Krieger a Jami'ar Johns Hopkins ta maimaita aikin ta ƙananan huji a cikin aladu masu rai, na'urar tana tsara inda kowane ɗinki zai faɗa, tana gyara tsarin yayin da naman ke motsi. A 2025 suka ƙara gaba da wata da aka horar da ƙirƙirarriyar basira ta hanyar nuna mata bidiyon likitoci suna aiki. Ta yi sashe mafi hatsari na cire matsarmama, wato ɗaure bututun da jijiyar jini da datse su, a kan gaɓoɓin alade takwas da aka riga aka ciro daga jiki, ta kuma yi nasara a duka takwas ɗin. Gaɓar da aka ciro daga jiki ba ta zubar da jini, ba ta numfashi, don haka tsakanin wannan da gadon mara lafiya akwai tafiya mai nisa.

Dalilin wahalar shi ne nama mai taushi ba ya zama wuri guda. Hanji yana zamewa, huhu yana hawa da sauka, kitse yana rufe jijiya, kuma ba a samun mutum biyu da cikinsu ya zo daidai. Ƙashi kuwa tsayayye ne, ana iya ɗaukar hotonsa kafin aiki a zana taswira, kuma ran aiki a same shi yadda aka bar shi. Shi ya sa 'yancin na'ura ya fara daga ƙashi da ƙoƙon kai. Tun 1985 aka yi amfani da wani hannun ƙarfe na masana'anta mai suna PUMA a Kalifoniya wajen saita allurar ɗebo nama daga ƙwaƙwalwa, a 1992 kuma wata na'ura mai suna ROBODOC ta fara rarake ƙashin cinya da kanta, bisa tsarin da likita ya zana, don a dasa ƙugun roba da ƙarfe. Na'urar Mako, wadda ake sauya gwiwa da ƙugu da ita yanzu, ta ɗauki hanya ta tsakiya: likita ne ke tura zarton, amma in ya nufi ƙetare iyakar da aka zana sai na'urar ta turje.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken yanzu ba cire likita daga ɗakin ba ne, mayar masa da abin da na'urar ta ƙwace masa ne, wato jin taɓi. Tun da aka amince da da Vinci a Amurka a 2000, likitoci sun shafe shekara ashirin da ɗoriya suna auna ƙarfin jan zare da ido kawai, suna kallon yadda nama ke yin fari in an matsa shi. Sai a 2024 sabon samfurinta na biyar ya zo da kayan aikin da ke mayar da nauyin turi da ja zuwa yatsun likita. Akwai kuma wuraren da hannu ba ya isa ko ba ya iya natsuwa: a 2016 a Okusfod ta Ingila, Farfesa Robert MacLaren ya yi aiki da na'ura a cikin ƙwayar ido, ya ɗaye wata siririyar fata da ke kan tantanin gani, sannan ga bututu masu lanƙwasa irin su Ion da Monarch da ake tuƙawa can cikin rassan huhu don ɗebo nama daga ƙaramin ƙulli.

Tiyata daga nesa ma ba sabuwa ba ce. A watan Satumba na 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a Niyok ya cire matsarmamar wata mata mai shekara 68 da ke kwance a Sitirasbog ta Faransa, jinkirin saƙon tsakanin hannunsa da hoton da yake gani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Abin da ya hana irin wannan aiki zama ruwan dare shi ne tsadar layin sadarwa marar yankewa, da tambayar wanda zai ɗauki alhaki in layin ya katse ana tsakiyar aiki.

Nas ta Ɗakin Tiyata ta amsa:

Ɗan'uwa, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ka gaya masa cewa ba a barin mara lafiya shi kaɗai da ƙarfe. A gefen gadon akwai mataimakin likita sanye da kayan aiki, yana sauya almakashi, yana zuƙe jini, yana miƙa zare, ga mai ba da maganin barci a wajen kansa, ga mu. Tiren kayan buɗe ciki yana nan a shirye tun kafin a fara, domin in jini ya ɓalle ko na'urar ta samu matsala, a janye hannuwan a koma aikin hannu, kuma ana horar da mu kan wannan janyewar musamman.

Abin da nake so ku tambaya, wanda mutane ba su cika sani ba, shi ne lafiyar zuciyarsa da huhunsa da idanunsa. A wannan aikin ana hura iskar kabon a cikin ciki don a samu fili, ana kuma karkata gadon kai ya yi ƙasa sosai na tsawon sa'o'i, kuma ba kowane dattijo ne jikinsa ke ɗaukar haka ba, musamman mai hawan ruwan ido. Game da tsada kuwa, na'urar kanta ta haura dala miliyan ɗaya, ga kuɗin kula da ita duk shekara, sannan kowane almakashi yana da adadin ayyukan da zai yi kafin na'urar ta ƙi karɓarsa. Yanzu da wasu kamfanoni suka shigo, irin su masu Versius a Ingila da Hugo na Medtronic da Hinotori a Japan, ana sa ran gasa za ta sassauta farashin, amma wannan bai taimaki wanda zai biya a wannan watan ba.

Ɗan Dattijo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku, kuma maganar cewa ƙarfen ba ya motsi sai likita ya motsa ta sanyaya masa rai. Saura abu ɗaya, Likita. Mun samu labarin cewa wanda zai yi aikin da na'ura bai daɗe da fara amfani da ita ba, shi kuwa mai buɗe mara ya shekara da shekaru yana yi. Wanne ya kamata mu fifita?

Likitan Fiɗa ya amsa:

Da mahaifina ne, Malam, zan kai shi wurin wanda hannunsa ya faɗa a kan wannan aikin, ko da wace hanya yake yin sa. An daɗe da sanin cewa a cire furostet sakamako yana kyautatuwa ne gwargwadon yawan ayyukan da likita ya yi, kuma wanda ya ƙware a buɗe mara, ran da ya zauna a gaban na'ura ya koma ɗalibi na wani lokaci. Ku tambayi kowannensu kai tsaye sau nawa ya yi wannan aikin da wannan hanyar, nawa yake yi a shekara, kuma cikin waɗanda ya yi wa, nawa ne suka dawo riƙe fitsarinsu bayan shekara guda. Shi sabon, ku tambaye shi ko wani ƙwararre zai zauna tare da shi a ɗakin ran aikin, domin in haka ne lissafin ya sauya. Tunda kuma an ce cutar ba ta bazu ba, ku nemi ganin likitan da ke gasa sankara da haske kafin ku sa hannu a takarda, ku ji ko gashi da haske, ko ma sa ido da gwaji a kai a kai, ya dace da matakin da cutar Baba take.