Na'urar bin sawu mai maɓallin neman agaji: ta aljihu ko ta jikin moto?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena yana kabu-kabu. Da rana cikin gari yake, ranar kasuwa kuma yana kai mutane Mirya da ƙauyukan hanyar Magarya, wani lokaci sai bayan isha'i yake shigowa. Tsohuwarmu ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar motonsa a ƙofar gida. Na yanke shawarar sa masa GPS mai maɓallin SOS. An nuna mini iri biyu, ta aljihu mai caji da wadda ake haɗawa da wayoyin moto. Jikka 30 ke hannuna, guda ɗaya zan iya saye. Ku lura, yaron nake son sanin inda yake, ba moton ba. Kuma batirin moton ya mutu tun damina, da ƙafa yake tayarwa. Wacce zan saya, kuma me ya fi ɓaci a cikinsu?

Makanike Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗauki ta jikin moto mai rele, wato abin kashe moto daga nesa, ka huta. Ga haɗin. Jan wayar na'ura ya tafi kan ja na batir, ka sa fizibil na amfiya 1 ko 2 kusa da batirin. Baƙin wayar na'ura mas ne, wato negatif. A nan mutane ke ƙona kaya: a yawancin motocin Sin da ke yawo garin nan, baƙar wayar MOTO ba mas ba ce, wutar bayan kontak ce, koriya ita ce mas. Wanda ya haɗa baƙi da baƙi don kala ta zo ɗaya, na'urarsa za ta rasa wuta duk sanda aka kunna makulli. Wayar kontak ta na'ura, a wasu mai ruwan lemo, a wasu fara, ita ke zuwa kan baƙar moto, da ita take sanin an kunna ko an kashe. Kada ka yarda da kala kaɗai, sa mita: wayar da ke ba da 12 da makulli a kunne, ta koma 0 in an kashe, ita ce.

Rele mai ƙafa biyar ne. 85 da 86 na naɗin ciki ne, ɗaya ya sami wuta, ɗaya ya tafi kan rawayar wayar na'ura. In CDI ɗin, akwatin da ke ba buji wuta, daga batir yake cin wuta, ka yanke wayar da ke ba shi wuta ka bi da ita ta 30 da 87a. In mai cin wutar injin ne, ba a yanke komai, waya baƙa-da-fari ake kai wa mas ta 30 da 87, kamar yadda makulli ke kashe shi. A yi haɗin da dalma, kada a murɗa waya a naɗe da salatif, girgizar hanyar laterit za ta kwance shi.

Mai Gyaran Salula:
Maigida, bayaninka daidai ne, amma ba abin da ya tambaya ba ke nan. Ya ce moton ba batir. Moton da ke tafiya ba batir wutarsa hawa da sauka take yi tare da totur, in an tsaya kuma babu komai. Na'urar za ta koma kan ɗan batirin cikinta, wanda a samfurin GT06N 450mAh ne kawai, a samfurin ST-901 ma bai kai haka ba. Awoyi kaɗan ya ƙare. Kuma ST-901 da aka fi kawowa ba ta da wayar SOS sam, ta bin moto ce kurum. GT06N ce ke da maɓalli mai doguwar waya da ake ɓoyewa ƙarƙashin kan moto. To ko ita, in an sauke yaro daga moton an tafi da shi, moton za ka bi, yaron yana can daji. Ɗan Garin Malam, ta aljihu ce amsar tambayarka.

Makanike Zango:
Batir na 12V 5Ah nawa yake? Ya sayi batir mana.

Mai Gyaran Salula:
Ya saya, amma a gaya masa lissafi. Na'urar da ba a sa mata barci ba tana jan wajen miliamfiya 40. Sau awa 24, kusan 1Ah ke nan a yini. Moto ya kwana uku a ajiye, batir ya sauka ƙasa da rabi, sitata ba zai juya ba. Dole a kunna mata yanayin barci, ta sauka zuwa miliamfiya kaɗan in moto na tsaye.

Baban Sabongari:
Ƴaƴana, kuna gardamar waya da batir, ba can ake mutuwa ba. Bari in faɗa muku abin da ya sami ɗan maƙwabcinmu, don an kawo na'urar an buɗe a gabanmu bayan abin ya faru. Ta aljihu ce, mai kyau, cajinta cike. Wasu biyu suka ɗauke shi da magariba, sun ce ƙauye za a kai su. Da ya ga take-takensu ya danna maɓallin cikin aljihu har na'urar ta yi girgiza, alamar ta karɓa. Ba wanda ya sami saƙo. Sun sare shi a hannu, sun tafi da moton, sai da gari ya waye masu zuwa gona suka tsince shi. Hannun har yau ba ya ɗaukar buta.

Da aka bincika, laifi uku aka samu, ba ko ɗaya na na'urar. Na farko, lambar SOS da ke ciki ta mai shagon ce, wadda ya sa ranar gwaji, ba a canza ba. Na biyu, pis ɗin, wato SIM ɗin ciki, ba kiredi ko dala. An sa masa intanet na wata, an manta cewa kira da saƙon SMS daga kiredi suke ci. Na uku, intanet ɗin ma ya ƙare kwana tara kafin ranar, taswirar da ke wayar ubansa tana nuna yaron a ƙofar gida tun ranar da ya ƙare, ba wanda ya duba kwanan watan da ke ƙasan ɗigon. Uban ya yi ta kallon ɗigo a ƙofar gidansa alhali ɗansa na kwance cikin jini. Wannan na'ura ta fi rashinta sharri, don da babu ita da an fita nema tun isha'i.

Hajiya Birni:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah ya ba shi lafiya. Wane shago ne, mu kiyaye?

Baban Sabongari:
Amin, Hajiya. Ba zan kama suna ba. Wanda ya sayar bai yi bayani ba, wanda ya saya bai gwada ba.

Mai Gyaran Salula:
Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Duka ukun ana kama su cikin minti goma, ga yadda ake yi. Kafin a sa pis a na'ura, a sa shi a salula a cire lambar PIN, in ba haka ba na'urar ba za ta taɓa kama rezo ba. A kira da shi, a tura saƙo, a buɗe intanet, a tabbatar duka ukun na aiki. A sa shi na'urar tana kashe, sannan a kunna a fili. Ga dangin GT06, umarnin ta SMS ake turawa: APN, sai sunan APN, wato saitin intanet, na kamfanin layinka, sai #. Sunan nan a tambayi kamfanin, na Airtel daban, na Moov daban, na Zamani daban. Lambobin agaji: SOS,A, sai lamba ta ɗaya, waƙafi, ta biyu, waƙafi, ta uku, sai #. Tura PARAM# ta maido maka abin da ke cikinta, ka karanta da idonka lambar wa ke ciki. STATUS# na faɗin caji da ƙarfin rezo. URL# na turo maka wurin a taswira. Dangin TK na Coban kuma kalmar sirrinsu ta asali 123456 ce, SinoTrack 0000, dole a canza, in ba haka ba duk wanda ya san lambar pis ɗin zai iya bin yaron. Na aljihu kowane kamfani da nasa umarnin, kada a bar shago ba tare da ƴar takardar cikin kwali ba. Daga ƙarshe a danna maɓallin daƙiƙa 3, a tsaya sai wayoyin nan uku sun yi ƙara. A maimaita kowace Juma'a.

Ɗan Kara-Kara:
Ni Hajiya nake jin tsoro, kada ta koyi URL# ɗin nan, gobe Alhaji ya ce yana masallaci taswira ta nuna shi wajen mai tsire.

Hajiya Birni:
Ɗana, mai tsire ai da sauƙi. Ku dai ku faɗi kuɗin.

Makanike Zango:
Ta moto jikka 18 da rele, aiki jikka 3.

Direban Tanut:
18 ina? An sa wa motocinmu a jikka 35 kowace, ban da kuɗin shekara na manhaja.

Ɗan Kara-Kara:
A Farm Centre ta Kano, in ka canza kuɗinka, ba ta kai jikka 12 ba.

Mai Gyaran Salula:
Ba abu ɗaya kuke faɗi ba. Ta 35 mai 4G ce da ke komawa 2G in babu. Ta 18 mai 2G ce zalla, kuma don aikin nan ta isa, saƙon wuri ɗan mitsitsi ne, mega 30 na kai wata. Ta 12 kuma sau da yawa kwaikwayo ce, kwali iri ɗaya, cikin daban, wata ma ba GPS a cikinta, da eriyar rezo kawai take kintace. Gwajinta: tsaya a fili ka nemi wuri. Ta gaske za ta nuna ka cikin mita 10 ko ƙasa. In kana Kasuwar Dole ta nuna ka bayan Birni, kintace ne. A duba lambar IMEI mai lamba 15 da ke jikinta ta zo ɗaya da wadda PARAM# ya maido. Ta aljihu mai kirki tana tsakanin 22 da 28.

Makanike Zango:
Kai ɗan salula, shekara nawa ka yi kana buɗe moto? Wanda ya san na'ura a kan tebur daban, wanda ya san abin da rana da ƙura ke yi mata daban. Ta aljihunka sai an yi caji kullum ko bayan kwana biyu. Yaro ɗan kabu-kabu zai tuna? Sati biyu za ta koma cikin akwatin moto, rana ta dafa ta. Zafin Afirilu da Mayu a garin nan ya wuce 40 a inuwa, batirin lityom a rufaffen akwati kumbura yake har ya ɗaga murfi.

Mai Gyaran Salula:
Maigida, ban raina saninka ba, amma masu kawo na'urar moto ta daina nuna wuri, yawancinsu makanike ne ya cusa ta ƙarƙashin tanki. Siginar GPS daga tauraron ɗan Adam take zuwa, nisan kilomita dubu 20, kuma sai na'ura ta ji aƙalla 4 kafin ta san inda take. Tana ratsa roba da soson kujera, ba ta ratsa ƙarfe. Gefen da eriya take ya kalli sama, cikin robar gaba ko ƙarƙashin robar wutsiya, nesa da bobin da wayar buji, kuma ramin pis ya kalli ƙasa saboda masu wanki. Haka ɗaki mai rufin kwano, ko ta aljihu ko ta moto, ɗigon zai yi ta tsalle unguwa-unguwa. Ba lalacewa ba ce.

Malamin Lakkol:
Ku biyun kowa na da gaskiya a fanninsa. Abu ɗaya nake roƙo: a bar maganar kashe moto daga nesa in akwai mutum a hannun ɓarayi. GT06N ba ta yanke wuta sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa, don kada a kayar da mai tuƙi, amma moto ya mutu a daji yaro na tare da su, kansa za su huce. A kai wurin ga jandarma ko komisariya, kada dangi su bi da kansu. Kuma a gaya wa yaron an sa, da yardarsa, shi ne zai danna.

Direban Tanut:
Duk wannan in akwai rezo ke nan. GPS na sanin wuri ko ina, amma faɗa maka sai da rezo. Hanyar Agadas akwai wuraren da za ka yi tafiya mai nisa ba sanda ko ɗaya. Mai kyau tana ajiye wuraren ta turo su gaba ɗaya in ta samu, amma SOS da aka danna a ramin nan ba ya fita a lokacin. Shi kuma da ke zuwa wajen Magarya, kusa da iyaka pis kan saki namu ya kama na Najeriya. In ba a buɗe masa yawo ba shiru za ka ji, in an buɗe kuma kiredi ya tafi. A kuma daidaita agogonta a kan GMT+1, in ba haka ba tarihin tafiyar zai zo da bambancin awoyi.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai. To in na fahimta, ta aljihu da igiya a wuya ƙarƙashin riga, caji kowane dare. Amma Maigida ya sa ni shakka kan cajin. Akwai mai kai kwana biyar da gaske?

Hajiya Birni:
Kafin nan, maganar kiredin nan da Direba ya taɓo. Pis ɗin da ke cikin na'urar jikana, an sa dala 200 ranar Litinin, ba a kira kowa ba, Alhamis babu ko dala. Ina yake zuwa?

Mai Gyaran Salula:
Hajiya, biyu ne. Ko na'urar na turo SMS duk sanda ta ji girgiza ko caji ya yi ƙasa, kowane saƙo da kuɗinsa, sai a kashe waɗannan a bar SOS kaɗai. Ko intanet ya ƙare ta koma cin kiredi kai tsaye. A cire pis ɗin a sa a salula, a duba ko an liƙa masa wata hidima mai cirar kuɗi kullum.

Direban Tanut:
Na ukun fa? Layin da ba a kira da shi, intanet kawai yake ci, wata rana ka wayi gari an rufe. Biyu cikin motocinmu haka suka yi, saƙon gargaɗin ya shiga cikin na'ura, wa zai karanta shi a can? Ka je buɗewa a ce sai wanda katinsa ke kan rajista, shi kuma mai shagon da ya yi rajistar da sunansa ya bar gari.

Baban Sabongari:
Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Na ɗan maƙwabcinmu ma da sunan yaron shago aka yi rajistarsa.

Ɗan Kara-Kara:
Mu namu layin ma da muke kira da shi kullum, ka sa jikka ɗaya da dare, da safe ka tarar saura dala 140. Wa za ka kai wa ƙara?