Neman shawara: wace riga ce ta dace da motar da ke kwana a waje?

Baban Hanif, Gyallesu, Zariya:
Assalamu alaikum ’yan’uwa, shawara nake nema. Gidan haya nake, babu gareji, lungunmu ma mota ba ta shiga. Corolla ce ƙirar 2008, baƙa, a gindin wata darbejiya da ke bakin layi nake ajiye ta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai Juma’a da ƙarshen mako nake fita da ita, sauran ranaku babur nake hawa zuwa aiki. Yanzu rufinta ya fara koɗewa, kashin tsuntsaye ya bar tabo a bonet, ga hunturu ya kawo kai. Na leƙa kasuwar Sabon Gari na ga riguna iri-iri: akwai mai ruwan azurfa marar nauyi, akwai mai kauri mai laushi daga ciki. Wani kuma ya ce in sayi tampol kawai in kai wa tela. Wanne zan ɗauka?

Mai fenti, Kwangila:
Wa alaikumus salam Malam. Tampol dai ka manta da shi. Gaskiya ne ruwa ba ya ratsa shi, amma laimar da ke ƙarƙashinsa ma ba ta da hanyar fita. Da damina ƙasa jiƙe take, rana na fitowa tururi ya taso ya maƙale tsakanin tampol da bodi, motar ta wuni tana gumi. Daga nan fenti ke yin hazo-hazo, tsatsa ta kama gindin ƙofofi, cikin mota ya ɗauki warin rima. Ka nemi yadin da ke tare ruwa amma iska na ratsa shi, cikinsa da shafi mai laushi kamar bargon jarirai. Ka sa hannu ka shafa cikin tun a shago. In ka ji kaushi, mayar masa da kayansa.

Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba nau’in rigar ba ne, yadda ake sa ta ne. Ƙurar hunturu gari ce a ido, amma yashi ne. Mutum ya dawo daga Kano mota ta yi butu-butu, ya ja riga ya lulluɓe. Dare ya yi iska ta riƙa kaɗa rigar, ita kuma tana goga ƙurar a jikin fenti har asuba. Bara an kawo mini wata baƙar mota, kusurwoyin rufinta huɗu da bayan madubai duk sun cinye har farin shafin da ke ƙarƙashin fenti ya fito, sauran jikin kuma zane-zane kamar saƙar gizo in ka duba a rana. Mai ita yana ta rantsuwa kullum a rufe take. Na ce Alhaji, ai rigar ce ta yi aikin. Baƙar mota kuwa ba ta ɓoye ko ƙwarzane ɗaya. In ba za ka wanke ta ta bushe kafin ka rufe ba, gara ka bar ta a buɗe.

Maman Ilham, Samaru:
Mai ruwan azurfar nan marar nauyi ni na saya, arha ta ja ni. Launin yana da amfani, don cikin motar bai ƙara yin zafin da yake yi a watan Afrilu ba. Amma rani ɗaya ta yi ta fara yagewa kamar takarda. Ranar da aka yi iskar ruwan farko kuwa, a gonar maƙwabta yara suka tsinto mini ita, ƙaya ta gama da ita. Robar bakinta kaɗai ba ta riƙewa. Ka duba mai igiya da ake zagayowa ta ƙarƙashin mota a ɗaure, gaba da baya.

Wani direba, Tudun Wada:
Oga ka auna motar da tef daga bamba zuwa bamba kafin ka je. Irin Corollarka wajen mita 4.5 ce. Kada ka dogara da M ko L da ke jikin jaka, kowane kamfani da nasa awon. In ta yi yawa iska ta samu wurin shiga, in ta matse ɗinkin ya ɓalle. A samu mai aljihun madubi. Zif a gefen direba ma yana da daɗi in ka manta abu a ciki, sai dai shi ke fara lalacewa.

Abban Zee:
Ni shawarata ka sayar da motar ka huta, tunda babur ke yi maka aiki.

Baban Hanif:
Haba ɗan’uwa, iyalin kuma a tankin babur zan jera su ran Juma’a?

Mai gyaran wutar mota, Sabon Gari:
Ba a taɓo ɓeraye ba. Motar da ta kwana biyar a lulluɓe, ga duhu ga ɗumi, ɗaki ka gina musu. Ta ƙasa suke hawa su cinye wayoyin cikin bonet. Duk kwana biyu ko uku ka yaye rigar, ka buɗe bonet ka leƙa, ka tayar da injin. Kar a bar ragowar abinci a ciki. Kuma in ka dawo ka jira inji da salansa su huce kafin ka rufe, na ga rigar da ta narke ta manne a bamban baya.

Hajiya Babba, Kongo:
Ɗana, in da hali ka kafa rumfar kwano kawai, sanda huɗu ce. Ba wanki kafin rufewa, ba ninkewa da safe, ko ƙanƙara aka yi ta tare maka.

Baban Hanif:
Hajiya na so haka, amma wurin bakin hanya ne, mai gidan ma ya ce a’a. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan je da tef in nemi mai shafi da igiya. Wankin zan mayar da shi yammacin Lahadi, ta bushe in rufe. Saura abu ɗaya: ba a sace rigar kuwa?

Wani direba:
Ana sacewa mana. Ka rubuta lambar motarka ɓaro-ɓaro da fenti a bayan rigar, ta daina sayuwa.

Mai fenti:
Ta waje za ka rubuta Malam, kuma a ƙasa za ka shimfiɗa ta, ba a kan motar ba. Sannan tabon bonet ɗin nan a goge shi da folish kafin ka fara rufewa. Kashin tsuntsu cin fenti yake yi, sabo in ka gani ka jiƙa tsumma ka ɗora a kai ya yi laushi, kada ka kankare.